HOTO KAFIN AIKIN FUROSTET: WA YA KAMATA A YI WA, WA ZA A ƊAUKE WA?

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan wannan ƙungiya, likitan tiyata, ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai a garin Jega



GABATARWA

Kwamitin shirye-shirye ya nemi in yi magana a kan lafiyar maza masu manyan shekaru, ya kuma ba ni minti talatin. Wannan fage yana da faɗi, don haka na zaɓi tambaya guda ɗaya daga cikinsa, wadda ita ce na fi samu daga bakinku a waya. Tambayar ita ce: an ce za a yi wa Baba, ko Yaya, ko ni kaina, aikin furostet, an kuma rubuta mana hotuna iri-iri da za mu yi kafin aikin. Shin dole ne a yi su duka?

Dalilin da ya sa tambayar ta dame mu a bayyane yake. Yawancinmu mun haura shekara hamsin, malamanmu kuwa sun ba saba'in baya. Haka kuma a gidajenmu na Jega da Aliero da Maiyama, mu ne 'yan bokon da ake kira in an kai dattijo asibiti. Mu ake miƙa wa takardar likita mu karanta, kuma sau da yawa mu ne za mu biya kuɗin. Saboda haka ya kamata mu san abin da muke biya da amfanin da zai yi.

Amsata a taƙaice ita ce: tsohon hoton nan da ake yi da allurar rini ba dole ba ne ga kowa da kowa. Akwai alamomin da ke nuna wanda yake bukatar a duba ƙodarsa da mafitsararsa, kuma a ƙasarmu masu waɗannan alamomi suna da yawa. Abin da zan yi ƙoƙarin bayyanawa ke nan.

MENE NE FUROSTET?

Kafin mu je ga hoto, bari mu san hanyar da fitsari ke bi. Mutanen Aliero masu noman albasa za su fi kowa saurin ganewa, domin tsarin ya yi kama da na ban-ruwa. Ƙoda biyu ne ke tace jini su fitar da fitsari. Daga kowace ƙoda akwai siririn bututu da ke gangarowa zuwa mafitsara, wadda take kamar tanki a ƙasan mara. Daga mafitsara kuma bututu ɗaya ne ke fitar da fitsari waje.

Furostet wani ƙullutun nama ne da maza kaɗai ke da shi. Yana zaune a ƙarƙashin mafitsara, ya kewaye bututun nan na fita kamar yadda zobe ke kewaye yatsa. Aikinsa shi ne samar da wani sashe na ruwan maniyyi. A jikin saurayi nauyinsa kamar giram 20 ne, wato bai fi girman goro madaidaici ba. In shekaru suka ja sai ya fara girma. Binciken da aka yi a kan gawarwaki ya nuna cewa kusan rabin mazan da ke tsakanin shekara 51 da 60 suna da wannan girma, a cikin waɗanda suka haura 80 kuwa kusan tara cikin goma ne. Wannan girman daban yake da ciwon daji, ko da yake mutum ɗaya yana iya samun duka biyun.

To, in furostet ya girma sai ya matse bututun, kamar mutum ya taka tiyo ana cikin ban-ruwa. Fitsari ya rage ƙarfi, mutum ya daɗe a tsugune kafin ya fito, ya riƙa yankewa, ya tashi sau uku ko huɗu a dare, ya gama kuma ya ji kamar bai gama ba. Wani ɗiga ce ke damunsa, ya yi alwala ya sake, wando ba ya zama da tsarki. Yawancin masu wannan matsala magani ya ishe su. Akwai irin su tamsulosin masu sassauta matsewar, da irin su finasteride masu rage girman naman a hankali cikin watanni. Ana zuwa ga tiyata ne in fitsari ya tsaya cak har sau da yawa, ko magani ya kasa, ko tsakuwa ta taru a mafitsara, ko jini ya ƙi tsayawa, ko ƙoda ta fara taɓuwa.

HOTUNAN DA AKE MAGANA A KANSU

Kalmar hoto a asibiti ta ƙunshi abubuwa da yawa, kuma nan ne ruɗanin yake farawa.

Na farko shi ne eksire, wanda Bajamushen nan Rontgen ya gano a 1895. Eksire gwanin nuna ƙashi ne, shi ya sa duk wanda ya taɓa kai mai karaya asibiti, ko wajen masu ɗorin da Aliero ta yi suna da su, ya san shi. Amma ƙoda tsoka ce, ba ta fitowa sosai a cikinsa.

Na biyu shi ne hoton allurar rini, wanda likitoci ke kira IVU. A 1929 ne wani matashin likita Ba'amurke mai suna Moses Swick, yana aiki a Jamus, ya nuna cewa in aka zuba wani ruwa mai sinadarin aidin a jijiya, ƙoda za ta tace shi, sai hanyar fitsari ta fito fara sol a eksire. Wannan babban ci gaba ne a zamaninsa, kuma shekaru da dama ya zama al'ada a yi wa duk wanda za a yi wa aikin furostet.

Na uku shi ne sikanin, irin wanda ake yi wa mata masu juna biyu. Da sauti yake aiki, babu allura, babu tururin eksire, kuma cikin minti goma sha biyar an gama. Yana nuna ko ƙoda ta kumbura, ko akwai tsakuwa ko tsiro a mafitsara, yana auna girman furostet, yana kuma auna fitsarin da ya rage bayan mutum ya yi bawali.

Na huɗu su ne manyan hotuna, CT da MRI, masu tsada, waɗanda sai an je manyan asibitoci. Sannan akwai leƙen mafitsara da siririn madubi ta hanyar fitsari, wanda shi ba hoto ba ne, gani ne da ido.

ME YA SA AKA DAINA YI WA KOWA?

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma wannan tunanin ne ya sa likitocin da suka riƙa tura kowa hoton rini. Amma da aka zauna aka ƙirga, sai aka ga cewa a mafi yawan mutane hoton bai sauya komai ba. Aikin da aka yi niyyar yi shi aka yi, ko da hoto ko babu.

A 1994 wata hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta tara sakamakon dubban irin waɗannan hotuna ta fitar da jagora ga likitoci. Ta ce kada a riƙa yi wa kowane mai kumburin furostet hoton ƙoda, sai in yana da ɗaya daga cikin abubuwa biyar: jini a fitsari, ciwon sanyin mafitsara, raunin ƙoda, tarihin tsakuwa, ko an taɓa yi masa tiyata a hanyar fitsari.

A 1996 kuma wasu likitoci a garin Naimegen na ƙasar Holan suka buga sakamakon sikanin ƙoda da suka yi wa maza 556 masu wannan matsala. Mutum 14 kawai aka samu da kumburin ƙoda, mutum 1 da ciwon dajin ƙoda, sai 65 da 'yan ƙurajen ruwa a ƙoda waɗanda ba sa cutarwa. Shawararsu ita ce a duba ƙodar wanda gwajin jini ya nuna rauni, ko wanda fitsari mai yawa ke kwana a mafitsararsa. A 2010 hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ita ma ta bi wannan hanya.

Ku lura da waɗannan mutum 65. Ƙurjin ruwa a ƙoda abu ne da ke zuwa da shekaru, kamar furfura. Amma da zarar an rubuta shi a takarda, hankalin iyali ya tashi, a ce an ga wani abu a ƙodar Baba, a nemi wani hoton mafi tsada, a ɗage aikin da ya kawo shi. Wannan ɗaya ne daga cikin illolin hoton da ba a bukata.

Hoton rini kuma yana da nasa nauyin. Ana ba mutum maganin wankin ciki, a hana shi abinci, wanda ga dattijo mai rauni wahala ce. Ruwan allurar yana iya tayar da borin jini, wani lokaci mai tsanani. Yana kuma iya ƙara raunata ƙodar da dama ta gaji, musamman ga mai ciwon suga. Abin mamaki a nan shi ne, wanda ƙodarsa ta fi lalacewa, wato wanda aka fi son a gani, shi ne hoton rini ya fi cutarwa, kuma shi ne hotonsa ba ya fitowa da kyau, tun da ƙodar ba ta da ƙarfin tace rinin. Ga kuma kuɗi da tafiya. Mutumin Maiyama da aka tura Birnin Kebbi ko Sakkwato don hoto zai biya mota ta mutum biyu, ya biya abinci, wataƙila ya kwana. Kuɗin nan da ya ajiye su, da sun saya masa jini leda ɗaya ranar aiki, ko maganin bayan aiki.

AMMA KEBBI BA HOLAN BA CE

'Yan'uwa, kada wani ya fita daga nan ya ce likita ya ce hoto ɓarnar kuɗi ne. Ƙa'idar da ta ce a zaɓa, ita ce kuma ta faɗi waɗanda za a zaɓa. In muka ɗora wannan ma'auni a kan mutanenmu, za mu ga da yawansu sun faɗa cikin masu bukata. Dalilai huɗu ne.

Dalili na farko, jinkiri. Baturen Holan yana zuwa asibiti ne don fitsari ya tashe shi sau biyu a dare. Namu dattijon yakan yi shekaru yana fama a ɓoye, ya sha sassaƙe, ya sha jiƙo, sai daren da fitsari ya tsaya gaba ɗaya a ɗauko shi a mota yana murƙususu. A aikina, da yawa daga cikin waɗanda nake gani da robar fitsari suke fara zuwa. Akwai kuma wani nau'in da ya fi wannan haɗari domin ba ya ciwo. Mafitsara ta cika ta ƙi zubewa, fitsari ya riƙa komawa baya, kamar yadda ruwa ke komawa ya kwanta a fadama in an toshe magudana, har ƙoda biyun su kumbura. Alamarsa ita ce dattijo ya fara fitsarin kwance, mara ta yi tudu, cin abinci ya ragu, jiki ya mutu. Irin wannan mutum in aka kai shi tiyata kai tsaye an jefa shi cikin haɗari. Sai an sa masa roba, fitsarin ya zube, ƙoda ta farfaɗo na wasu makonni, sannan a yi aiki. A nan sikanin ceton rai ne.

Dalili na biyu, tsargiya. Wa ke cikin ɗakin nan da bai yi wanka a Gulbin Zamfara da ya ratsa ta Jega ba, ko a tafkuna da fadamun garinsu? Mu nawa ne muka yi fitsarin jini muna yara, har wasu ke ɗaukarsa alamar balaga? Tsutsar da ke kawo wannan cuta wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano ta a Alƙahira a 1851. Tana fitowa daga dodon-koɗin ruwa, ta shiga ta fata, ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai. Maganin praziquantel yana kashe tsutsar, amma tabon da ƙwan ya bari yana iya zama har tsufa. Tabon yakan tsuke bututun da ke saukowa daga ƙoda, yakan taurara mafitsara, yakan kuma kai ga ciwon dajin mafitsara. A 2007 Farfesa Isma'ila Mungadi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da abokin aikinsa sun buga binciken da ya nuna cewa mafi yawan ciwon dajin mafitsara da suka gani a Sakkwato irin wanda ke da alaƙa da tsargiya ne. Ga wani abin lura: in ƙoda ɗaya ce ta toshe, ɗayar za ta ɗauki aikin, gwajin jini ya fito lafiya lau. Don haka ni a ganina, wanda ya yi fitsarin jini a ƙuruciya ya cancanci a duba ƙodarsa da mafitsararsa da sikanin, ko da jininsa ya nuna babu komai.

Dalili na uku, tsakuwa. Ƙasarmu ƙasar zafi ce. Manomi ya wuni a rana cikin watan Afrilu, gumi ya kwashe ruwan jikinsa, fitsari ya yi kauri. In kuma fitsarin yana kwana a mafitsara saboda toshewa, tsakuwa ta samu wurin zama. Sanin cewa akwai tsakuwa yana sauya irin aikin da za a yi, domin dole a cire ta tare da furostet a lokaci guda.

Dalili na huɗu, tsukewar hanyar fitsari. Wanda ya taɓa yin ciwon sanyi na saduwa bai samu magani mai kyau ba, ko ya taɓa faɗowa a kan ƙarfe ko icce ya bugi tsakanin cinyoyinsa, ko ya yi haɗarin mota ƙashin ƙugu ya karye, hanyar fitsarinsa tana iya tsukewa bayan shekaru. Alamominta kusan iri ɗaya ne da na furostet. In aka cire furostet aka bar tsukewar, an yi aikin banza. Wannan yana da hotonsa na musamman, wanda ake zuba rini ta bakin hanyar fitsarin, kuma tarihin da mutum ya bayar ne kawai zai sa likita ya nema.

AUNA GIRMA KAFIN A ZAƁI AIKI

Akwai wani amfanin sikanin da ya shafi duk wanda aka riga aka yanke shawarar yi wa tiyata, wato sanin girman furostet ɗin da yawan fitsarin da ke ragewa. Manyan hanyoyin aiki a nan ƙasar biyu ne. Akwai wadda ake bi ta hanyar fitsari da na'ura a fere naman daga ciki ba tare da an tsaga ciki ba, wadda ta fi dacewa da furostet da bai wuce kimanin giram 80 ba. Akwai kuma ta tsaga ƙasan mara a ɓare naman da yatsa, hanyar da likita Peter Freyer ya yaɗa a Landan tun wajen 1900, Terence Millin kuma ya kawo wani salonta a 1945. Ita ce ta fi dacewa da babban furostet, ko wanda ke tare da babbar tsakuwa. Ƙungiyar likitocin hanyar fitsari ta Amurka a jagorarta ta 2018 ta shawarci likitoci su yi la'akari da girma da siffar furostet kafin aiki, su kuma auna fitsarin da ke ragewa. Sikanin mara guda ɗaya yana amsa duka biyun.

Sai dai akwai abubuwa biyu da sikanin ba zai faɗa muku ba. Na ɗaya, ba zai tabbatar ko akwai ciwon daji a furostet ko babu ba. Wannan sai likita ya taɓa da yatsa ta dubura, a yi gwajin jini na PSA, in akwai shakka a ɗebi ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Na san da yawanmu wannan taɓawar ce ke sa mu gudun asibiti, amma minti ɗaya ce, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na biyu, girma kaɗai ba ya sa a yi aiki. Akwai mai giram 90 da ke fitsari lafiya, akwai mai giram 40 da ke sanye da roba. Kada adadin da ke kan takarda ya firgita kowa.

MISALI BIYU

Bari in kwatanta da mutum biyu na misali. Na farko ɗan kasuwa ne a kasuwar Jega, shekara 62. Fitsarinsa ba ƙarfi, yana tashi sau huɗu a dare, ya yi shekara yana shan magani babu sauƙi. Bai taɓa ganin jini ba, bai taɓa tsakuwa ba, gwajin fitsari da na ƙoda lafiya. Wannan sikanin mara ya ishe shi, a ga girman furostet da abin da ke ragewa. In mai na'urar ya ɗaga hannu ya leƙa ƙoda a zama ɗaya, babu laifi, tun da ba ya cutarwa. Amma tura shi hoton rini ko CT ɗora masa nauyi ne ba dalili.

Na biyu manomi ne daga ƙauyukan Maiyama, shekara 68. Ya yi fitsarin jini yana yaro, kwanan nan ya sake ganin jini, ya fara jiƙa shimfiɗa da dare, marar ta yi tudu. Wannan ba za a taɓa shi da wuƙa ba sai an auna ƙarfin ƙodarsa, an yi sikanin ƙoda da mafitsara, an kuma leƙa mafitsarar da madubi saboda jinin. In an ga abin da ke bukatar ƙarin haske, a lokacin ne CT ke da wuri. Ciwonsu suna ɗaya ne, amma abin da kowannensu ke bukata daban. Abin da ya raba su kuwa tambaya da amsa ce, da gwaje-gwaje biyu masu sauƙin kuɗi. A wannan fage ji ne ke nuna wa gani inda zai duba.

SHAWARWARI

1. Ku fara da likita kafin hoto. Kada mutum ya tashi da kansa ya je shagon sikanin, ya zo da takarda yana neman a fassara masa. Babban asibitin Jega, ko na Aliero, ko na Maiyama, nan ne mafari. In abin ya wuce nan za a tura ku Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko asibitin Gwamnatin Tarayya a Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Sakkwato.

2. Ku faɗi tarihinku duka: fitsarin jini na ƙuruciya, ciwon sanyi, tsakuwa, haɗari, tsohuwar tiyata, ciwon suga, hawan jini, da duk maganin da kuke sha, na asibiti da na gargajiya. Mai shan finasteride ya faɗa, domin maganin yana rage adadin PSA da kusan rabi. In dattijo yana jin nauyin ɗansa, ɗan ya fita ya bar shi da likita.

3. Kada a tsallake gwajin fitsari da gwajin jini na ƙoda. Su ne ke nuna wa za a yi wa hoto.

4. In an rubuta hoto, ku tambaya cikin ladabi: Likita, me ake nema a wannan hoton, kuma in an gani me zai sauya? Likitan kirki ba ya fushi da wannan tambaya. In ya ce akwai dalili, ku yi.

5. A je sikanin da cikakkiyar mafitsara, a yi bawali, a sake aunawa. Ku duba ko takardar ta ambaci ƙoda biyu, bangon mafitsara, tsakuwa, girman furostet da fitsarin da ya rage. Sikanin da mai yin sa yake tafiya, don haka a nemi wanda ya ƙware.

6. Ku adana takardunku a leda guda, ku riƙa tafiya da su. Sau da yawa ana maimaita hoto ne kawai don na farkon ya ɓace.

7. Mai matsalar fitsari ya yi hattara da magungunan mura da tari na kemis, da su tramadol, domin suna iya tsayar da fitsari. Yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac kuma yana gajiyar da ƙoda.

8. Abubuwa huɗu ba sa jiran gobe: jini a fitsari, tsayawar fitsari, fitsarin kwance ga babba, da zazzaɓi tare da ciwon ƙugu ga mai wahalar fitsari.

KIRA GA ƘUNGIYA

Mai girma Shugaba, ina da roƙo biyu. Na ɗaya, a taronmu na baɗi a keɓe safiya ɗaya a auna hawan jini da suga da fitsarin duk wanda ya halarta, malamanmu su fara. Muna da ma'aikatan lafiya a cikinmu, ga kuma Kwalejin Kimiyyar Lafiya a nan Jega da za mu iya neman hannunta. Na biyu, a rubuta sunayen 'yan ƙungiya masu koshin lafiya da suka yarda su ba da jini, da rukunin jinin kowa. Aikin furostet, musamman na tsagawa, yakan bukaci jini, kuma na ga aikin da aka ɗage makonni saboda rashin mai bayarwa, alhali iyalin sun riga sun ƙarar da kuɗinsu a kan hotuna.

KAMMALAWA

Abin da nake so ku riƙe shi ne: hoton allurar rini ya daina zama dole ga kowane mai aikin furostet. Tarihi na gaskiya, gwajin fitsari, gwajin ƙoda da taɓawar likita su ne na kowa. Sikanin mara na wanda za a yi wa aiki ne. Duba ƙoda sosai na mai alama ne, kuma wanda ya taso a bakin gulbi ya yi fitsarin jini ya ɗauki kansa cikin masu alama. Manyan hotuna kuwa sai ƙananan sun nuna dalili.

Malamanmu, ku kuka koya mana mu karanta tambaya da kyau kafin mu ɗauki alƙalami. Muna roƙon ku ba mu dama mu raka ku asibiti tun abin yana ƙarami. 'Yan ajinmu kuma, duk wanda ya san yana tashi fiye da sau biyu a dare, ya same ni bayan an tashi, zan zauna a ƙarƙashin rumfa har la'asar.